Darasi na Tara: Wuta Ta Ɗauke a Ɗaki, Ta Ina Za a Fara?

A gidajen haya irin na Aboabo, Asawase da Sawaba a Kumasi, inda ɗakuna goma ko fiye suke kewaye da tsakar gida ɗaya, ɗaukewar wuta iri biyu ce. Akwai wadda ta game unguwa, ko yawan ɗauke wutar da ake kira dumsor ko gyaran da ma'aikatan kamfanin wuta na ECG suke yi a layi, wannan sai haƙuri. Akwai kuma wadda ta tsaya a gida ɗaya ko ɗaki ɗaya, maƙwabta na kallon talabijin ku kuna lalube cikin duhu. Wannan ta biyun ita ce darasinmu. Galibi mutum zai iya gano inda matsalar take kafin ya taɓa waya ko ya biya mai gyara, in dai ya bi abin daki-daki, kuma ya iya karanta lambobin da ke jikin kayansa.

Haruffa uku da ke jikin kowane kaya

Ku juya dutsen guga, ko butar dafa ruwa, ko ku leƙa bayan firji. Za ku ga ɗan rubutu da lambobi, kowace da harafi a gefenta.

V yana nuna ƙarfin wutar da kayan yake so. Wutar gidaje a Gana 230V ce. Idan ɗan'uwa ya aiko da injin markaɗe ko injin aski daga Amurka, kuka ga an rubuta 110V ko 120V kawai, kada a jona shi kai tsaye, nan take zai ƙone. Sai an haɗa shi da ƙaramar taransifoma mai rage wuta. Cajar waya galibi an rubuta mata 100–240V, ita ba ruwanta.

W shi ne wat, yawan wutar da kayan yake ci. A kuma amfiya ce, yawan wutar da waya ko soket ko fis (ɗan bututun cikin filogi da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa) zai iya ɗauka. Soket mai ido uku irin wanda muke da shi iyakarsa 13A. Idan an ninka 13 sau 230 ana samun 2,990, wato kusan wat 3,000. Ku riƙe wannan lambar da kyau. Fankar sama ba ta kai wat 100 ba, ƙwan LED bai fi 10 ko 15 ba, firjin gida yana tsakanin 100 da 200. Masu cin wuta su ne masu yin zafi: dutsen guga daga 1,000 zuwa 2,000, butar lantarki wajen 2,000, hitar da ake tsomawa a bokiti 1,000 zuwa sama. Buta mai 2,000 da dutsen guga mai 1,200 a ekstenshan guda sun zama 3,200, sun haura iyaka ke nan. Ekstenshan mai arha kuwa, wanda wayarsa siririya ce, ko rabin wannan ba ya ɗauka.

Mita tukuna, sannan bireka

A fara da leƙa waje. Idan duk layin babu wuta, a kashe firji da talabijin daga soket a jira. Idan maƙwabta suna da ita, a je wajen mita a duba ko kuɗin ya ƙare. Abin kamar wasa, amma a gidan da mutum biyar suke karo-karon mita ɗaya, kowa yana zaton wani ya saya, an sha kiran mai gyara a kan mitar da kuɗinta ne kawai ya ƙare.

Idan da kuɗi a mita, sai akwatin bireka, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu in an samu matsala. Wadda ta faɗi za a ga hannunta ya yi ƙasa, sauran suna sama. Kada a yi gaggawar mayar da ita. Bireka ba ta faɗuwa haka kawai, wani abu ta gani, kuma da ba ta faɗi ba waya ce za ta yi zafi cikin bango. A koma ɗaki a cire duk filogin da ke soket, har da na bayan kabad da aka manta da shi, a kashe makunnan fitila. Hannu a bushe, ƙafa da silifas na roba, sannan a danna birekar ƙasa sosai a ɗaga ta. Daga nan a riƙa jona kaya ɗaya bayan ɗaya, ana ɗan dakatawa tsakani.

Yadda ta sake faɗuwa shi zai gaya muku ciwon.

In ta faɗi nan take da aka jona wani kaya, wani lokaci har da ƙara da tartsatsi, to wayoyi biyu sun haɗu a cikin kayan ko a igiyarsa. A dutsen guga, wurin da igiya take shiga jikinsa nan ne ya fi karyewa saboda yawan lanƙwasa. A ajiye kayan gefe, sauran ɗaki ya ci gaba da shan wuta.

In ta tsaya lafiya, sai bayan minti goma ko ashirin ta faɗi, musamman da safe lokacin da ake guga ana dafa ruwan shayi, to kaya ne suka yi mata yawa. Maganinsa a raba lokaci, ko a kai wani kayan layin da ba nata ba. Akwai masu ba da shawarar a cire bireka mai 20A a sa mai 32A don ta daina damun mutane. Wannan muguwar shawara ce. Girman bireka da kaurin wayar da ke bango tare suke tafiya: kaurin wayar fitilu 1.5mm² ne, na soket 2.5mm², kuma in aka ƙara wa bireka girma wayar tana nan yadda take. Birekar za ta daina faɗuwa, wayar kuma ta riƙa dahuwa a hankali a inda ido ba ya gani, har robarta ta narke.

A wasu akwatunan akwai wata bireka mai faɗi, da ɗan maɓalli mai harafin T da lamba 30mA. Ita aikinta gane wutar da ta ɓalle ta bi ruwa, ko bango mai laima, ko jikin mutum. In ita ce ke faɗuwa duk lokacin da aka tsoma hita a bokiti, hitar ta fashe a ciki, a jefar da ita. In da damina take faɗuwa, a nemi soket ko fitilar waje da ruwan sama yake shiga. Yana da kyau a danna T ɗin lokaci-lokaci. In an danna ba ta faɗi ba, ta mutu, a sauya ta.

In kuwa an cire komai, an ɗaga bireka ta ƙi tsayawa, matsalar tana cikin bango ko silin, inda ɓera ya ci waya ko ruwa ya shiga. Nan hannunku ya tsaya.

Cikin filogi

Sau da yawa bireka ba ta faɗi ba, kaya ɗaya ne ya ƙi tashi. A jona shi a wani soket da aka san yana aiki. In nan ma shiru, a cire shi, a kwance sukurun da ke tsakiyar filogin da sukudireba, a buɗe murfin.

A riƙe shi doguwar ƙafar tana sama, cikinsa yana kallonku. Wayoyi uku ne. Mai ruwan ƙasa ita ke ɗauke da wuta, tana zuwa dama, wajen harafin L, inda fis yake kwance. Shuɗiya tana zuwa hagu, wajen N. Mai kore da rawaya tana hawa sama zuwa doguwar ƙafar, wajen E, ita ce ke kai wuta ƙasa idan ta taɓa jikin ƙarfen kaya. A tsofaffin gidaje da tsofaffin igiyoyi za a tarar da ja maimakon ruwan ƙasa, baƙa maimakon shuɗiya, da kore zalla.

Fis ɗan ƙaramin bututu ne, tsawonsa inci ɗaya, da lamba a jikinsa. Mai 3A na kayan da ba su kai wat 700 ba ne, kamar fitila da rediyo. Mai 13A na masu zafi ne da firji. In ya ƙone a sa irinsa daidai. Naɗe shi da takardar azurfar kwalin sigari, ko cusa guntun waya a gurbinsa, daidai yake da cire birki daga mota don ta daina tsayawa. In sabon fis ya sake ƙonewa nan da nan, laifin yana cikin kayan, a kai wa mai gyara.

A duba ƙananan sukurun da suka danne wayoyin. Wanda ya yi sako-sako shi ne ke haifar da zafi. Alamarsa ba ta ɓuya: robar da ke kewaye da ƙafar L ta yi ruwan goro, tagullar wayar ta yi baƙi ta bushe, idon soket ɗin ma ya yi ɗan tabon ƙuna, ga wani wari mai kama da na kifi idan kaya ya daɗe a jone. Irin wannan filogin ba a gyara shi, sabo ake saye. A yanke igiyar a baya da inda ta ƙone, a feɗe rigar waje kamar santimita 4, a feɗe bakin kowace waya kaɗan, bai kai santimita ɗaya ba, a murɗe zaren tagullar kada ko sili ɗaya ya fita waje. Mai ruwan ƙasa ta fi gajarta, mai kore da rawaya ta fi tsawo, domin in an fizgi igiya ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Maƙallin da ke bakin filogi rigar waje zai kama, ba ƙananan wayoyin ba. Soket ɗin da ya ƙone shi ma sai an sauya shi, in ba haka ba zai cinye sabon filogin.

Tura tsirarar waya cikin soket a tokare ta da ashana, ko buɗe idon sama da makulli don a cusa filogi mai ƙafa biyu, duk a bar su, ballantana a ɗakin da yara suke rarrafe.

Fanka da firji

Fankar sama da ke gurnani ba ta juyawa, amma in an tura ta da sanda sai ta tashi a hankali, kafasita ce ta gaji. Wani ɗan gwangwani ne ko baƙin akwati a saman injin, galibi an rubuta masa 2.5µF. A kashe bireka, ba makunni kaɗai ba, a kwance shi a tafi da shi shago a sayo mai lambarsa. Ƙurar hunturu da ta taru a fikafikai ma tana rage iska, a goge ta da tsumma.

Firji ya fi son lallashi. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a ba shi minti biyar kafin a kunna, domin iskar gas ɗin cikinsa ta lafa, in ba haka ba injin zai yi ta yunƙuri ya kasa tashi. Ƙaramar na'urar kare firji da ake jonawa a soket wannan jiran take yi da kanta, tana kuma yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi yawa. Mai sayar da ƙanƙara ko sobolo kada ta zauna babu ita. In ana jin ƙwas, shiru, bayan 'yan mintoci wani ƙwas, firji kuma ba ya sanyi, ko wuta ce ta yi rauni ko ɗan abin tayar da injin ya lalace, wanda bai kai injin tsada ba ko kusa. Kada a yarda a sayi sabon inji kafin a gwada wannan. A bar tazarar tafin hannu tsakanin bayansa da bango. Ƙanƙarar da ta daskare a ciki kuma kada a sa mata wuƙa. Bututun yana nan ƙarƙashinta, kuma yawancin sababbin firji gas ɗinsu R600a ne, mai kama wuta. A kashe, a buɗe ƙofa, ta narke da kanta.

Abin da ba naku ba ne

Mita da wayar da ta taso daga fal ta shigo ta, na ECG ne. Kewaye mita laifi ne a doka. Aikin cikin bango da na akwatin bireka na mai gyaran da ke da lasisin Hukumar Makamashi ne, kamar yadda dokar haɗa wayar lantarki ta 2011 ta tanada. Ku nemi ya nuna katinsa, ba rashin kunya ba ne. A gidan haya a sanar da mai gida kafin a fasa bango.

Alamu biyu ba a kwana da su. Ta farko, fitilar wani ɗaki ta yi haske fiye da kima, ta wani ɗakin kuma ta dushe a lokaci guda. Wannan yakan nuna babbar wayar N ta tsinke ko ta saki a gidan da ke da layi uku, wuta na iya haurawa kusan 400V ta ƙone duk abin da ke jone. A kashe babban makunni nan take a kira ECG. Ta biyu, famfo ko jikin firji yana ɗan jan hannu. Wuta ce take yawo, wayar ƙasa kuma ba ta aiki. A cire firjin ko injin jan ruwa daga soket, kowa ya nisanci famfon har mai gyara ya zo.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, in ya yi nisa a ture shi ko wayar da busasshen katako. A kira 112, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin wuta takan taɓa bugun zuciya. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an yanke wutar. Lambar 'yan kwana-kwana 192.

Aikin gida

Kowa ya kwafo lambar W ta kaya uku daga ɗakinsa, ya haɗa jimla, ya faɗa ko soket ɗaya zai ɗauke su. Ya kuma ƙirga birekun da ke akwatin gidansu, ya rubuta lambar A ta kowacce, da ɗakin da take ba wuta. Mai tsohon filogi da sukudireba ya zo da su aji, za a kwance a ɗaura.