Darasi na Bakwai: Samun Ruwan Zafi a Gida daga Hasken Rana ko daga Zafin Iska

A gidan da ake amfani da hitar lantarki, ɗumama ruwa yana cikin abubuwan da suka fi cin wuta, amma ba kowa ne ke lura ba, domin hita ba ta ƙara kamar fanka, ba ta kuma haske kamar ƙwan fitila. Tana shan wutarta ne shiru har lokacin da takardar biyan kuɗi za ta iso. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa wajen kashi 18 cikin 100 na makamashin da gida ke ci a ƙasar yana tafiya ne a kan ɗumama ruwa. A wannan darasi za mu koyi hanyoyi biyu na rage wannan nauyi, wato na'urar da ke ɗumama ruwa da hasken rana, da kuma na'urar da ke jan zafi daga iska. Kafin mu kai gare su sai mun fara da lissafi, domin wanda bai san yawan ruwan zafin da gidansa ke bukata ba, ko wace na'ura ya saya zai iya yin asara.

Lissafin da ya kamata kowane mai gida ya iya

Kamfanonin wuta suna auna abin da kuka ci da yunit. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 take ci a cikin awa ɗaya. Shi kuwa ruwa yana da ƙa'ida wadda ba ta canzawa a ko'ina a duniya: idan ana son a ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya, ana bukatar wutar da ta yi daidai da wat 1.16 na tsawon awa ɗaya.

Mu ɗauki gida mai mutum biyar, wanda kowa a cikinsa yake amfani da lita 30 ta ruwan zafi a rana, jimilla lita 150. Ruwan yana shigowa da sanyin digiri 20, ana kuma son ya kai digiri 60, tazara ta zama digiri 40 ke nan. Ku ninka 150 sau 40, za ku sami 6,000. Ku ninka wannan sau 1.16, za ku sami 6,960, sannan ku raba da 1,000. Amsar ita ce kusan yunit 7 a rana, wato kimanin yunit 210 a wata, fiye da yunit 2,500 a shekara. Hitar lantarki ta gargajiya, mai ƙarfen da ke yin zafi a cikin tanki, ba ta da yadda za ta yi ƙasa da wannan adadi, domin iyakar ƙoƙarinta shi ne ta mai da yunit ɗaya na wuta ya zama yunit ɗaya na zafi. Duk mai sayarwar da ya ce muku irin wannan hitar tasa tana cin rabin wutar da wasu ke ci, alhali ruwan da take ɗumamawa daidai yake da nasu, to ku yi hattara da shi.

Na'urar hasken rana

Duk wanda ya taɓa buɗe tiyon ruwa da aka bari a rana ya san cewa ruwan farko da ke fitowa yana iya ƙona hannu. A kan wannan aka gina na'urar. Ana ɗora akwati mai faɗi a kan rufi, fuskarsa gilashi, cikinsa baƙin faranti na ƙarfe da siraran bututai na jan ƙarfe a manne da shi, ƙasansa da gefensa kuma an shimfiɗa abin da ke hana zafi fita. Hasken rana yana ratsa gilashin, baƙin farantin ya shanye shi ya yi zafi, zafin kuma ya shiga ruwan da ke cikin bututan. Ruwa idan ya yi zafi yakan fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka sai ya hau sama da kansa ya shiga tankin da aka ajiye a saman akwatin, mai sanyi kuma ya sauko daga gindin tankin ya maye gurbinsa. Haka ruwan zai yi ta zagayawa tun daga hantsi har la'asar, ba tare da injin turawa ko wutar lantarki ba. Sharaɗin kawai shi ne tanki ya kasance sama da akwatin. Idan aka sauko da shi ƙasa, dole a sa ɗan injin da zai riƙa tura ruwan.

Akwai wani samfurin da ba shi da akwati, sai jerin dogayen bututan gilashi masu ruɓi biyu, waɗanda aka zuƙe iskar da ke tsakanin ruɓin nasu domin kada zafi ya tsere. Wannan samfurin ya fi riƙe zafi a lokacin sanyi da iska, shi ne kuma ya fi yawa a ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawan waɗannan na'urori. Rauninsa shi ne gilashin yana fashewa, musamman idan aka bar bututan babu ruwa a tsakar rana sannan aka zuba musu ruwan sanyi. Idan tanki ya ƙare, a jira yamma ko asuba kafin a cika shi.

Kada a ɗauka wannan na'ura ɗaya ce da farantin sola mai samar da lantarki. Farantin lantarki yana mai da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa ya zama wuta, na'urar ɗumama ruwa kuwa tana iya kama rabin hasken ko fiye ta mai da shi zafi kai tsaye. A wurin da rana take da ƙarfi, kowace murabba'in mita tana samun hasken da ya kai yunit 5 a yini. Idan na'urar ta kama rabi, yunit 2.5 ke nan, don haka gidan da muka yi misali da shi, mai bukatar yunit 7, yana bukatar fuskar na'ura mai faɗin murabba'in mita 3 ko kusa da haka.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun a 1891 wani mutum mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar irinta ta sayarwa a birnin Baltimo na Amurka, Isra'ila ta wajabta sa ta a sababbin gidaje a 1980, Sifen kuma ta shigar da ita cikin dokar gine-ginenta a 2006.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen kafawa. Wanda yake arewa da layin da ya raba duniya biyu zai fuskantar da na'urar kudu, wanda yake kudu da layin kuma ya fuskantar da ita arewa, sannan a karkata ta kaɗan ko da a wuraren da rana ke bi ta tsakar ka, domin ruwan ya ji daɗin hawa, ruwan sama kuma ya wanke ƙura. A duba inuwa da safe, da tsakar rana, da kuma yamma, domin bishiyar da ba ta tare komai da hantsi tana iya rufe na'urar bayan azahar. Abu na uku shi ne nauyi, kuma a ganina shi ne wanda aka fi raina wa alhali ya fi haɗari. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 200 ya haura kilo 200 idan aka haɗa da nauyin ƙarfensa. Wajibi ne kafinta ko magini ya hau ya duba katakon rufin kafin a ɗora komai, idan kuma rufin ba zai ɗauka ba, a gina wa na'urar mazauninta daban.

Ranakun hadari da gajimare suna nan, kuma a cikinsu ruwan zai yi ɗumi ne kawai. Shi ya sa yawancin tankunan suke zuwa da ƙaramar hitar lantarki ta ko-ta-kwana. Kada a bar ta a kunne dare da rana, domin idan ta ɗumama ruwan da asuba, rana za ta fito ta tarar babu aikin da ya rage mata. A kunna ta da yamma, a ranar da aka ga ruwan bai yi zafi ba. Idan aka kiyaye wannan, na'urar takan rage rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na wutar da ake kashewa a kan ruwan zafi.

Na'urar jan zafi daga iska

Ku sa hannu a bayan firiji yana aiki, za ku ji ɗumi. Wannan ɗumin daga cikin firijin aka kwaso shi aka zubar a waje. Na'urar jan zafi irin wannan aikin take yi, sai dai ita daga iskar waje take kwasowa ta zuba a cikin tankin ruwa. Fanka tana jawo iska ta bi ta kan bututu mai ɗauke da wani sinadari da ke tafasa ko da a cikin sanyi. Sinadarin ya sha zafin iskar ya zama tururi, kwamfuresa ta matse tururin har ya yi zafi sosai, sannan ya bi ta bututun da aka naɗe a jikin tanki ya saki zafinsa a cikin ruwa, ya koma ruwa-ruwa ya sake zagayowa. Wutar da na'urar ke ci ta juya fanka da kwamfuresa ce kawai, shi ya sa yunit ɗaya na wuta yake iya kawo yunit biyu zuwa uku na zafi, wani lokaci ma fiye idan iskar tana da ɗumi. Gidan da ke cin yunit 210 a wata zai iya saukowa zuwa wajen yunit 70.

Tana aiki dare da rana, da hadari ko babu, ba ta kuma ɗora wa rufi nauyi. Amma tana bukatar wutar lantarki tsayayya, tana bukatar fili mai iska domin a ƙuntataccen ɗaki za ta sanyaya iskar har ta rasa zafin da za ta ja, tana ɗan ƙara, don haka ba a ajiye ta a jikin tagar ɗakin kwana, tana kuma ɗigar da ruwa kamar na'urar sanyaya ɗaki, wanda sai an yi masa hanyar fita. Ta fi hitar gargajiya jinkirin ɗumama ruwa. Gidan da yake da farantin sola na lantarki zai fi cin ribarta idan aka saita ta ta yi aiki da tsakar rana, lokacin da wutar take da yawa, iskar kuma take da zafi.

Zaɓi tsakanin biyun ya danganta da gida. Mai rufi mai ƙarfi da rana wadatacciya, wanda wutar lantarki ba ta tsaya masa, na'urar hasken rana ce tasa. Wanda yake zaune a bene mai hawa da yawa, ko gidan da inuwa ta rufe, kuma wutarsa ba ta yankewa, na'urar jan zafi ta fi dacewa da shi. Wanda hitarsa ta tsufa kuwa, gara ya yi wannan nazari tun ba ta mutu ba, domin ranar da ta mutu gaggawa za ta sa ya sayi irin ta jiya.

Lafiya da kulawa

Digiri 60 da muka yi lissafi da shi yana da dalili. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Lijiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadelfiya a 1976. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta, tsakanin digiri 20 zuwa 45, tana kuma shiga huhu ta feshin ruwa yayin wanka. Zafin digiri 60 yana kashe ta. Sai dai ruwa mai wannan zafin yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, na'urar hasken rana kuma tana iya wuce haka nesa a yinin da rana ta buɗe. Maganin shi ne a sa bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi a bakin tanki, yadda abin da zai iso famfo ba zai wuce digiri 50 ba. A gidan da ke da yara ƙanana ko tsofaffi, ban ga uzurin barin wannan bawul ba.

Kowane rufaffen tanki yana da wani bawul na daban mai sakin ruwa idan zafi ko matsi ya yi yawa. Idan kun ga yana ɗiga kaɗan lokacin da ruwa ke zafi, aikinsa yake yi, kada a toshe shi ko kusa, domin tankin da aka toshe wa wannan hanya yana iya fashewa. A wanke gilashin na'urar rana da sassafe idan ƙura ta rufe shi, a naɗe bututun ruwan zafi da soso mai riƙe zafi, a share ragar iskar na'urar jan zafi. A wuraren da ruwa ke da yawan ma'adinai, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, farin ɓawo yana taruwa a bututu har ya rage gudun ruwa, don haka sai a kira mai gyara ya wanke lokaci-lokaci. Shi ne kuma zai duba sandar ƙarfen da ke cikin tanki, wadda aka sa domin tsatsa ta ci ta a maimakon jikin tankin, ya canza ta idan ta cinye.

Aikin gida

Ku auna ruwan zafin da gidanku ke amfani da shi na kwana uku da bokitin da kuka san yawan litarsa, ku raba jimillar gida uku domin ku sami na rana ɗaya. Ku yi lissafin yunit kamar yadda muka yi a sama, ku ninka da kuɗin yunit ɗaya da ke kan takardar wutarku, sannan ku fitar da na shekara. Kashi biyu cikin uku na wannan adadi shi ne kimanin abin da sabuwar na'ura za ta rage muku. Ku tambayi kuɗin na'urar haɗe da na kafawa, ku raba shi da abin da za ta rage a shekara, amsar ita ce yawan shekarun da za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta. Ku zo da lissafin a rubuce domin mu duba shi tare a aji na gaba.