Yadda ake koya wa ƙananan yara fansa da bege a gida

Yaro ɗan shekara huɗu ba zai riƙe dogon bayani ba, amma zai riƙe labarin tunkiyar da ta ɓace har ya ba ƙanensa. Don haka da labari ake fara karatun Littafi Mai Tsarki da ƙanana. Makarantar Lahadi sau ɗaya ce a mako, sauran aikin na iyaye ne, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora musu: a zaune a gida, a tafe a hanya, da kwanciya, da tashi.

Ku tsai da lokaci ɗaya kada ku riƙa canza shi. Da an gama tuwon dare ya fi, kafin gyangyaɗi ya kama su. Ƴan shekara 3 zuwa 5 minti 7 ya ishe su, ƴan shekara 6 zuwa 9 kuwa minti 15. A shimfiɗa tabarma, a ajiye tocila kusa saboda ɗauke wuta, a kashe waya. Ku yi da Hausa ko da yaran na koyon Faransanci a lakwal. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma yi wasu fassarori daga baya, to ku riƙe wadda ake karantawa a majami'arku, domin in aka haɗa lafazi biyu hadda takan rikice wa yaro.

Zaman kansa ba shi da wuya. Baiti ɗaya na waƙa, sai labari, sai tambaya, sai aya, a rufe da gajeriyar addu'a. Mai koyarwa ya karanta nassin shi kaɗai tun da rana, da dare ya ba da shi da baki, littafin na buɗe a cinyarsa don yara su san inda labarin ya fito. Kada a ce "kun gane?", kowa "i" zai ce. A tambaya: su wa ke cikin labarin? Mene ne ya lalace? Me Allah ya yi? Labari ɗaya da aya ɗaya sun isa mako guda, ran Asabar a bar yaron ya ba da labarin da bakinsa.

Ga fansa, wato yadda Yesu ya ba da ransa don ya cece mu, jerin labaran yana da muhimmanci. A fara da Farawa 3, yadda mutum ya rabu da Allah, sai ɗan ragon Idin Ƙetarewa a Fitowa 12, sai tunkiyar Luka 15:3-7, sai Zakka a Luka 19, kafin a kai ga gicciye a Markus 15. Daren da aka ba da labarin gicciye, lalle a faɗi tashin Yesu daga matattu kafin a tashi. Yaron da aka bari ya kwanta Yesu na cikin kabari, tsoro zai kwana da shi.

Yaran karkarar Maradi sun san abin da kan faru da damina in akuya ta shiga gonar wani. Kama ta ake yi a tsare, sai mai ita ya zo ya biya ɓarnar kafin ya tafi da abarsa. A tambayi yaro: akuyar za ta iya biya wa kanta? Wa ya biya? Don me ya biya? Daga nan a karanta Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Sai dai a tsai da misalin nan, kada a ja shi har yaro ya ɗauka da kuɗi aka biya. 1 Bitrus 1:18-19 ta faɗa sarai, ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne.

Kuskuren da ya fi rushe wannan aiki daga bakin iyaye yake fitowa a wajen zaman: "In ba ka bar rashin ji ba, Allah ba zai so ka ba." Da wannan magana an mai da fansa ladan kirki, alhali Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. A hori yaro in ya yi laifi, amma a ce masa, "Ɗana, abin da ka yi ba kyau, zo mu roƙi gafara." Haka nan bulala a kan haddar aya: yaron zai haddace, ya kuma tsani littafin.

Bege kuwa, wato sa zuciya ga alkawarin Allah, a nuna shi da shuka. A sami gwangwanin tumatir babba guda biyu, a huda gindinsu da ƙusa wuri huɗu ko biyar, a cika da ƙasa mai ɗan taki. Yaro ya sa ƙwayar gero biyar a kowanne, zurfin santimita 2, yana yayyafa ruwa kaɗan kowace safiya. Cikin kwana 3 zuwa 5 tsiro kan leƙo. Yawan ruwa na ruɓar da iri, kaji na tonewa, yaron da kansa yakan tona don ya duba, shi ya sa ake yin biyu kuma a ɗora su a bisa. A kwanakin jiran ake karanta Yakubu 5:7, manomin da ke haƙurin jiran ruwa, da Romawa 8:24-25 da ke cewa abin da ba mu gani ba tukuna shi muke jira da haƙuri. Kada dai a alkawarta wa yaro abin da Allah bai alkawarta ba, cewa mai bin Yesu ba ya ciwo ko talauci. Labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, yana gyara wannan tunani, don ya sha rijiya da bauta da kurkuku, Allah kuma na tare da shi.

Ranar da aka yi rashi a gida ko a unguwa, yaro zai tambaya: "Mama, ina Kaka ta tafi?" A gaya masa gaskiya, ta rasu. Kada a ce barci take yi ko tafiya ta yi, domin ƙaramin yaro zai ji tsoron barci, ko ya riƙa leƙen ƙofa yana jiran ta. A ba shi labarin Li'azaru a Yahaya 11, a nuna masa Yesu ma ya yi kuka kafin ya tashe shi, sannan Wahayi 21:4, ranar da Allah zai share dukan hawaye. A bar shi ya yi kukansa.

A Maradi yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, wani lokaci ma tsakar gida ɗaya ake zaune. Ku koya wa yara faɗin bangaskiyarsu da ladabi, ba da gori ko tsokana ba. In ƴaƴan maƙwabta suka zo suka zauna a tabarma, kada a kore su, amma washegari a je a gaida iyayensu a sanar da su abin da ake karantawa, a bi abin da suka ce.