Kwatanta lokuta biyu a JavaScript: kada ku dogara da ===

Jama'a, ga wani tarko da ke yawan kama masu koyo. Ka haɗa Date (abin da JavaScript ke riƙe rana da lokaci da shi) guda biyu, a da b, rana ɗaya, sa'a ɗaya, ka rubuta a === b, sai ya ba ka false. Lafiyar kwamfutarka ƙalau. Alamar === tana duba ko abu guda ne a ma'adana, ba ruwanta da lokacin da ke ciki. Ita ma == haka take.

Maganinsa: a.getTime() === b.getTime(). Wannan yana mayar da lokacin lamba, wato adadin milisakan (ɗaya bisa dubu na sakan) tun daga 1 ga Janairu 1970 agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Lamba da lamba kuwa babu gardama.

Abin da ke rikita mutane shi ne > da < suna aiki sumul, don su da kansu suke mayar da Date lamba. Shi ya sa a <= b da a >= b kan fito true dukansu, amma === ta ƙi.

Kada kuma ku kwatanta lokaci a matsayin rubutu. "9:30" > "10:15" zai ba ku true, saboda harafi-harafi ake bi, 9 kuwa ta fi 1. In dole ne, ku sa sifiri a gaba: "09:30".

Wanda ya fi ci mini rai shi ne wannan: new Date("2024-03-10") agogon UTC ake karanta shi, amma new Date("2024-03-10T00:00") agogon na'urarka. A Kano ko Zinder tazararsu sa'a guda ce cif, milisakan 3,600,000. Ku ƙara Z, alamar agogon UTC, a ƙarshen na biyun, sai su zo daidai.