Yadda za ka zaɓi ƙaramar amfilifaya mai DAC don sauti mai kewaye kai

Samarin Katsina sun dame ni da wannan tambayar, to ga amsa a dunƙule. Amfilifaya mai DAC 'yar na'ura ce da ake jonawa tsakanin waya da hedifon: DAC ɗin na mayar da waƙar da ke cikin waya zuwa sautin da hedifon zai fitar, amfilifayar kuma na ƙara masa ƙarfi.

1. Duba ramin cajin wayarka. Yawancin Android da iPhone 15 zuwa sama USB-C ne, tsofaffin iPhone kuwa Lightning.

2. Karanta adadin ohm (ma'aunin yadda hedifon ke tirje wa lantarki) a kwalin hedifon ɗinka. Mai 16 zuwa 32, 'yar ƙaramar mai kamar igiya ta wadatar. Mai 250 ko 300 sai mai ƙarfi.

3. Dubi bakin igiyar hedifon: 3.5mm ne ko 4.4mm? Sai ka zaɓi na'ura mai ramin da ya dace da shi.

4. Zaɓi tsakanin mai batir da marar batir. Marar batir cajin wayarka take sha, ga halin wutarmu. Ni dai mai batir nake so, ko da ta fi nauyi a aljihu.

5. Buɗe saitin manhajar waƙa ta Apple Music ko Tidal, ka kunna Dolby Atmos, wato tsarin sauti mai kewaye kai.

Hattara, nan ake yin kuskure! Waya da manhaja ne ke haɗa sautin kewaye, ita na'urar kuwa, ƙarfi da tsabta kawai take ƙarawa. Kuma hedifon mai igiya ba ya bin juyawar kai kamar AirPods Pro (hedifon Apple marar igiya), kome tsadar abin da ka jona masa.

6. Tafi shago da wayarka da hedifon ɗinka.

7. Rage ƙara gaba ɗaya kafin ka jona, kada ka cuci kunnenka.

8. Saurara babu waƙa. In ka ji "sssss", ajiye ta.

9. Karɓi rasit kafin ka bar shagon.