Yadda Ake Gane Furen Ekinesiya a Filayen Ciyawar Amurka

Ekinesiya mai siririn ganye tsiro ce ta manyan filayen ciyawa na tsakiyar Arewacin Amurka, tun daga Saskacewan ta Kanada har Tekzas. Saiwarta ɗaya ce mai kauri, takan nutsa ƙasa fiye da mita guda. Shi ya sa ko fari ya ƙone ciyawar da ke kewaye da ita, za ka iske ta tsaye.

Da farko ka fita a watan Yuni ko Yuli, lokacin da take fure. Neme ta a busasshen tudu mai tsakuwa, ba a fadama ba.

Sai ka dubi tsayinta: ba ta cika wuce santimita 60 ba. Ka shafa ganyen, dogo ne siriri, da jijiyoyi 3 a tsaye, kuma gashinsa na da kaushi.

Furen shi ne babbar shaida. Kowane kara fure ɗaya yake ɗauka. Gefensa ruwan hoda ne ko shunayya mai haske, yana ɗan sunkuyowa ƙasa, tsakiyarsa kuwa dunƙule ne mai ƙaya kamar bayan bushiya. A nan ne mutane ke rikita ta da 'yar'uwarta da masana ke kira "pallida". Ka matsa kusa ka dubi garin furen, wato 'yar ƙurar da ke tsakiyarsa: nata rawaya ne, na waccan fari.

Ƙabilun 'yan asalin Amurka na Lakota da Omaha da Ponka da Pawni sun daɗe da sanin darajarta. Sukan tauna saiwar idan haƙori ko maƙogwaro na ciwo, domin tana sa baki ya yi ɗan zugi sannan ya mutu, yawu kuma ya yi ta zuba. Sun yi amfani da ita wajen ƙuna da tari da saran maciji. Game da maciji dai, roƙona shi ne a garzaya asibiti, kada a tsaya neman saiwa. Wanda furanni dangin sunfulawa ke sa wa ƙaiƙayi ma ya guje ta.

Na ƙarshe, kada ka tone ta a daji. Masu haƙa don sayarwa sun yi mata ɓarna sosai, kuma saiwar na shekaru kafin ta ƙosa. In kana son ta, tsinci iri da kaka ka shuka. Sai ya sha sanyin hunturu yake tsirowa da kyau.