Matar soja, in aka ce ki ɗauki ciki ma wasu a biya ki, ga abin da za ki duba kafin ki amsa

Ƴan uwana matan bariki, zancen hayar mahaifa ya fara iso mu nan Maradi, mafi yawa ta bakin masu shiga da fita Najeriya, kuma na lura matar soja suka fi yi ma tayi saboda sun san maigida na Difa ko Tilaberi wata da watanni, albashi kuma ba ya kai ƙarshen wata. A Amurka ma haka ne, kamfanonin wannan harka na son matan sojoji saboda suna da inshorar lafiya ta soja da ake kira Tricare, amma can ma in an biya mace kuɗi to masu cikin ne ya kamata su fara biyan asibiti. Mu nan ba mu da wannan, to ki natsu.

Fara da sanin mi za a yi ma jikinki. Ƙwan wata mata ne da maniyyin mijinta ake haɗawa a dakin gwaji, ke kuma a yi ta ba ki magani da allurai na makonni don mahaifa ta shirya, sannan a dasa. Ba kullum yake kamawa ba, sai a sake, kuma in an dasa biyu tagwaye na iya zuwa, ga hawan jini ga yiwuwar a yi miki aiki, ke da kika bar yara ƙanana a gida ba kowa sai ƙanwar miji. Ki tambaye su baki da baki: in cikin ya zube wa zai biya magani, in jini ya ɓalle aka cire miki mahaifa fa, in yaron ya zo da naƙasa suka ce ba su so fa? Wanda ya fara kame-kame a nan ya riga ya ba ki amsa.

Sai addini, kuma ni a wurina nan ne maganar take. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta halatta dashen ƙwai tsakanin miji da matarsa muddin a mahaifar ita matar za a sa, ta hana a sa a mahaifar wata. Har ta kishiya ma, malaman majalisar Makka sun taɓa yarda a 1984, da suka sake dubawa a 1985 suka janye, domin mijin na kwana da ita, in ta haihu ba a san na wa ne ba. A Suratul Mujadala Allah ya ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su, ga kuma hadisin da ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, ma'ana duk abin da kika haifa da aure a kanki sunan maigidanki yake ɗauka, da gado da komi. Yanzu ki duba, bawan Allah na bakin daga wata bakwai ya dawo fermisiyon ya tarar da ke da ciki wata huɗu, ko da saninsa aka yi, mi zai ce ma Hajiyarsa, mi za a ce a layin famfo na bariki inda kowa ya san ranar da motarsu ta tashi? Don haka kar ki yi komi a ɓoye, ki faɗa ma maigida, ku je wurin malamin da kuka yarda da shi tare, ba malamin da dillaliya ta kawo ba.

In ke ce mai kakin, soja ko jandarma ko gardi, to ba ki da ikon ki tsallaka Ɗan Isa ki je Katsina ko Abuja ki yi makonni a asibiti ba da izinin shugabanki ba, ki fara ganin likitan soja ki nemi komi a rubuce.

Takarda kuma kar ki yi wasa da ita. Faransa ta hana wannan kwantiragi tun 1994, Indiya ta hana na kuɗi a 2021, a Ingila wadda ta haihu ita ce uwa a doka sai kotu ta juya. Mu kuma ba mu manta da shari'ar jariran da aka shigo da su Yamai daga Najeriya ta Benin ba a 2014, manyan mutane aka kama kan laifin rubuta ma yaro uwar da ba ita ta haife shi ba. To duk wanda ya ce ki shiga matarniti da sunan wata, ko a yi takardar haihuwa a meri da sunanta, gidan kaso yake tura ki, kuma aikin maigida na iya tafiya da shi. Wanda ya ce ki ba shi katinki ya riƙe, ko ki zauna wani gida ba waya har ki haihu, gudu za ki yi.

In tausayi ne ya ja ki, yayarki ko aminiyarki ce shekara goma ba haihuwa, wallahi na gane, gorin da ake ma mace a garin nan ba kaɗan ba ne. Ki raka ta likita ita da mijin, shi ma a auna shi don sau da yawa matsalar na wurin namiji. In ba a dace ba akwai riƙo da muka gada, yaro na hannunta da sunan ubansa, in kuma an samu ta shayar da shi sau biyar yana ƙasa da shekara biyu ya zama muharraminta. In kuɗi ne matsalar, ku zauna da matan bariki a sa ki farkon kwasar adashi ki ja jari.