Daga garka zuwa tukunya: inda muke ɓata abin da muka noma

Ranar da na fara yi wa uwar mijina kwaɗon zogale, ta ɗauki loma guda ta tauna, ta sake taunawa, sannan ta ce, "'Yar nan, me ganyen ya yi miki kika hukunta shi haka?" Ya narke tiɓis kamar dusar da aka jiƙa wa akuya, ga ɗacin kanwa har maƙogwaro. Abin haushin, ni 'yar mai garka ce. A garkar Babanmu da ke Mirya na tashi, kimanin kilomita 18 gabas da Damagaram, kuma da safiyar ranar aka tsinko zogalen. Abin da na ga Kaka tana yi shi na yi: kanwa kamar ƙwallon dabino, murfi, wuta ganga-ganga. Sai daga baya na gane ganyen Kaka busasshe ne na rani, mai taurin tsiya, nawa kuwa ɗanye sharaf.

Tun daga nan nake kasa kunne idan 'yan garka suka gama ban ruwa suka zauna gindin mangwaro ana hirar abinci. Kowa cewa yake ba a ƙara yin miya irin ta tsohuwarsa ba, wani ya ɗora laifin a kan takin zamani, wani a kan matan yanzu. Ni dai a ganina hannun tsofaffin muka gada, dalilinsu muka bari a baya. Yawancin kurakuran da zan ambata daga nan suka fito.

Kanwa

Da ita zan fara, don ita ta kunyata ni. Kanwa tana da aiki uku a tukunya: tana tausasa abu mai tauri irin wake da busasshen ganye, tana kashe tsami, tana kuma riƙe koren ganye ya fito shar. Tsofaffi sun riƙe ta ne don itace na da wuya, kuma ganyensu na rani sai an yi da gaske yake nuna. Ɗanyen zogale mai taushi ba ya bukatarta ko kaɗan. Minti 10 zuwa 15 a tafasasshen ruwa ya ishe shi, idan ya ɗan tsufa a ƙara kaɗan. Kanwa idan ta yi yawa tana lalata bitamin C da bitamin B1 da ke cikin abinci, wato korensa na nan a ido amma an rage masa amfani. Ga ɗaci, ga santsin sabulu a harshe.

Kuskure na biyu shi ne jefa ta dunƙule guda cikin tukunya. Kanwar da muke saye a Kasuwar Dole, ja ce ko ungurnu, ba ta rabuwa da yashi. A jiƙa ta a ƙaramin kwano tun da wuri, a bari yashin ya kwanta, a tsiyayi ruwan sama, a riƙa zubawa cokali-cokali ana dubawa. In an riga an zarce, ɗan ruwan tsamiya ko lemun tsami yana rage ɗacin, amma ganyen da ya narke ya riga ya narke.

Yakuwa ce kaɗai nake yi wa sassauci, don tsaminta na gaske ne. Ko ita, gara a tafasa ta sau ɗaya a zubar da ruwan farko, a bar gyaɗa ta ƙarasa aikin. Yakuwar da aka kashe wa tsami gaba ɗaya, me ya rage mata? Ganyen tafasa da na yaɗiya kuwa sauya ruwa suke so, ba ƙarin kanwa ba.

Kwaɗo

Ganye ya nuna, an sauke, sai a yi garaje a zuba ƙuli-ƙuli a kai yana ɗigar ruwa. Sakamakon kunu ne. A tsame shi a kwando ya huce, a dunƙula a tafin hannu a matse har ya daina ɗiga, sannan a warware shi. Kaka kan ce ganyen da bai yi kuka a hannunka ba zai yi kuka a akushi. Gishiri da albasa da tumatir sai an zo ci ake sa su, domin gishiri yana jawo ruwa daga jikinsu, kwaɗon da aka haɗa da hantsi kafin azahar ya yi tafki.

Kada a yi rowar mai. Wasu na ganin ƙuli-ƙuli ya wadatar, alhali an riga an matse yawancin mansa. Sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A a cikin zogale sai da maiƙo yake shiga jiki sosai, don haka cokali biyu na man gyaɗa ba almubazzaranci ba ne. Matsin lemun tsami kuma yana taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye. Shayi akasin haka yake yi, shi ya sa ya fi kyau a ɗan jinkirta shi bayan an ci, ko da yake na san faɗa wa Badamagare ya jinkirta shayi ɓata baki ne.

Ƙuli-ƙulin kansa a ɗanɗana kafin a daka. In yana ɗaci ko yana warin ruma, a zubar, kada ma a ba kaji. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ake kira afalatoksin, mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da shi.

Dambu

A gidanmu da dambu ake gane amarya ta iya girki. Inda ake faɗuwa shi ne ruwa. Tsakin masara ne ko na gero ko na shinkafa, a wanke shi, a rege, a bar shi a kwando ya tsane har in ka damƙa ka saki ya warwatse. In ya dunƙule a hannu, tuwo za ka samu a madambaci. Ruwan tukunyar ƙasa kada ya taɓa gindin madambacin, kuma a liƙe tsakaninsu da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ko ƙullun gari, don duk tururin da ya fita ta gefe asara ne. Na taɓa shafe awa biyu ina iza wuta, dambu ya ƙi nuna, ashe tsumman ne ya zame ta baya. Gwaggona ta zo wucewa ta ga tururi na fita, ba ta ce mini komai ba, ta sa yatsa ta tura shi ta wuce.

Sau biyu ake turara shi. Na farko tsakin kaɗai, har ya yi rabin nuna. A juye a faffaɗan kwano, a murje dunƙulen, a yayyafa ruwa kaɗan, a zuba zogale da albasa da tattasai da gishiri, a mayar. Masu zuba komai tun farko su ne ganyensu ke yin baƙi tsakin kuma yana garas-garas. Soyayyen mai da albasa sai an sauke.

Shanya

Nan kuskuren na masu garka ne kai tsaye. Zogale ya yi yawa, sai a baza shi a tabarma a tsakar rana, kwana ɗaya ya bushe, ana murna. Ka duba launinsa, ya koɗe ya koma kamar karmami. Rana tana cinye launin tare da bitamin ɗin. A ɗaki mai iska ko ƙarƙashin rumfa ake shanya shi, a baza da sirara, ana juyawa, cikin kwana uku zuwa huɗu lokacin hunturu ya yi ƙaras yana nan kore. Haka lalo, haka kuka.

Tumatir kuwa rana yake so. Daga Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da kayan Mirya da Gidimuni da Matamaye suka cika kasuwa har kwando ya rasa mai taya shi, shi ne lokacin kauɗa. Laifin da ake yi shi ne a zaɓi wanda ya fara ruɓa, wai ai shanyawa za a yi, kuma a zube shi a ƙasa. Ruɓaɓɓen tumatir ruɓaɓɓiyar kauɗa yake bayarwa, ƙasa kuma ita ce yashin da ke ƙara a haƙori cikin damina. A raba mai kyau gida biyu, yankan yana kallon sama, a barbaɗa gishiri kaɗan, a ɗora a kan gado ko rumfa, a rufa da siririn mayafi saboda ƙura da ƙuda. Kada a zuba a leda sai ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi gumi ya yi funfuna.

Lawashi ma bai kamata ya tafi ga awaki duka ba. Kaka takan kirɓa shi, ta dunƙula, ta shanya ya zama gabu, ta ɗan soya shi kafin ta daka a miya. Ƙanshin da 'yan gindin mangwaro ke cewa ya ɓace daga miyar yanzu, rabinsa gabu ne, rabinsa daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Mun maye gurbinsu da dunƙulen magi huɗu a tukunya ɗaya, muka kuma zuba gishiri a kai kamar dunƙulen ba gishiri ba ne. Ban ce a jefar da dunƙule ba, ni ma ina sawa. A rage shi zuwa ɗaya, a daka daddawa a sa ta tun farko ta dahu sosai warinta ya kwanta, a ji bambanci.

Yauƙi da tsami

Miyar kuɓewa ko ta lalo da ta ƙi yauƙi, a tambayi tumatir. Tsami yana tsinka yauƙi, kuma mai garka da tumatir ya yi masa yawa ba ya iya hana hannunsa. A rage shi, ko a soya shi ya mutu tukuna. A zuba kuɓewar ruwa yana tafasa, a burka, a bar tukunya a buɗe, minti kaɗan a sauke. Kuɓewar da wutsiyarta ba ta karyewa ƙas a yatsa ta tsufa, a yanka ta a shanya, ba ta ɗanyar miya ba ce.

Jar miya mai tsami kuwa haƙuri ta rasa. A bar niƙaƙƙen tumatir ya tsotse ruwansa, sannan a soya har mai ya taso sama ya rabu. Kanwa gajeriyar hanya ce, tana kuma dusashe jan.

Abin da tsofaffi ba su bar mana ƙa'idarsa ba

Salati da shu (kabeji) da karoti ba abincin Kaka ba ne. Noman rani ya bazu sosai a ƙasar nan ne bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa a kansa, kuma Baba ya ce a shekarun ne ya fara shuka shu. Kaka har ta rasu ba ta yarda da salati ba. In ta gan ni da shi sai ta ce, "Kishiya, yaushe kika zama zomo?" Ke nan a nan ba mu da hannun da za mu kwaikwaya, kuma a nan ne kuskuren ya fi tsada, domin ɗanye ake ci.

Salatin da aka shayar da ruwan tabki, aka yi masa takin dabba, ɗauraya ɗaya ba ta isa. Na san halin ruwa a Damagaram, na san yadda ake jiran 'yan ga-ruwa, amma kuɗin jarka ɗaya bai kai kuɗin maganin zawo ba. A ɓare shi ganye-ganye, a wanke ƙasar, a jiƙa minti 15 a ruwan da aka sa wa farmanganat (maganin kashe ƙwayoyin cuta) har ya yi ruwan hoda mai haske, ko ɗigo kaɗan na ruwan jabel (bilic) marar turare, sannan a ɗauraye da ruwan sha. Gishiri da lemun tsami ɗanɗano suke ƙarawa, kada a dogara da su. Ruwan wankin kuma a ba itacen tsakar gida idan ba na jabel ba ne.

Sai feshi, wanda 'yan garka ba sa son a taɓo. Kowane maganin ƙwari an rubuta a jikinsa kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wanda ya fesa shu ranar Juma'a ya yanke don kasuwar Lahadi ta Mirya, wanki ba ya gyara abin da ya yi, kuma daga kwandon nan ne 'ya'yansa ma za su ci. Wanda bai iya karatu ba ya kai kwalbar wa malamin gona ya duba masa. Kwalbar da ta ƙare kuma ba mazubin mai ko gishiri ba ce, na ga ana yi da idona.

Dankalin turawa da ya yi kore ko ya yi tsiro, a fere wurin da zurfi, in koren ya yi yawa a yar. Haske ne ke sa shi haka, don haka a ajiye shi a duhu, nesa da albasa.

Bara 'yata ta tsaya kaina ina dafa wake, ta ce, "Inna, kanwar nawa ake sawa?" Na buɗe baki zan ce mata gwargwado, kalmar da Kaka ta yi ta ba ni har na je na kunyata gaban uwar miji. Sai na ce ta miƙo mini kofin shayi. Muka auna ruwan kanwar tare, ya zo rabin kofi a rabin tiyar wake, ta rubuta a bayan littafinta na makaranta. Na ce ta ƙara a ƙasa cewa waken na bara ne, sabo bai kai haka ba.